Ƙauyen da Ya Riƙe Mini Ɗa

Ɗana na fari yana zaune a wani ƙaramin ƙauye a ƙasar Faransa, yana kiwon shanun madara. Karatun lafiyar dabbobi ne ya kai shi can. Aka tura shi gonar wasu mutane ya koyi aiki na 'yan watanni, sai ya auri 'yar gidan ya zauna. Ban taɓa ganinta ido da ido ba, a waya muka saba. Takan leƙo ta bayan kafaɗarsa ta ce, "Sannu Inna, afe?" ta haɗa Hausa da Larabcin garinmu a baki ɗaya, sannan ta fashe da dariya don ta san ta kwaɓa. Kullum sai ta ce baɗi za ta zo Njamena in koya mata tuƙa tuwo. Ciwo ya kama ta, kafin baɗin ta zo ta rasu. Allah bai ba su haihuwa ba.

Da zafin rasuwar ya lafa, na fara tunani irin na uwa. Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa. Ƙannensa mata biyu suna ɗakunansu, ɗaya a Milezi, ɗaya ta bi miji har Toukra. Gidanmu na Moursal ni kaɗai ce a ciki sai 'yan haya. Na ce a raina, abin da ya ɗaure shi a can ya kwance, saura gida. Na jira ya faɗa da bakinsa, bai faɗa ba. Damina ta zo, ruwa ya ci katangar baya, ni na fita neman magini da kaina. Da shirun ya yi yawa sai na ce ya nema mini takardun tafiya, zan zo in yi wa uwar matarsa gaisuwa. Gaisuwar gaskiya ce, amma ba ita ta ɗaga ni daga tabarmata ba. Na tafi ne in taho da shi.

Akwai abin da ya kamata in faɗa tun nan. Ni ban taɓa kiran sunansa ba. Ɗan fari ne, ga shi kuma sunan uban mijina ya ci, kunyar ta zama biyu. "Yayansu" nake ce masa, kafin a haifi ƙannen kuwa "kai" ne kawai. Ko a asibiti in an tambayi sunan yaro, maƙwabciya nake taɓawa ta faɗa. Da na shiga ajin yaƙi da jahilci da girmana, malama ta ce kowace ta rubuta sunayen 'ya'yanta a allo. Na rubuta na matan, na bar gurbinsa. Matan ajin suka yi ta dariya, don yawancinsu ba Hausawa ba ne, ba su san wannan kunyar ba.

Ya tarye ni a filin jirgi, muka yi ta tafiya a mota har na gaji da kallon gonaki. Ƙauyen yana cikin kwari tsakanin tuddai biyu. Titi ɗaya ne, gidajen dutse a jere hagu da dama, coci a tsakiya. Abin da ya fara damuna shiru ne. A Moursal tun asuba kana jin klando, baburan hayar nan, suna rige-rige, yaran kar, ƙananan motocin haya, suna kiran fasinja, mai shayi yana wanke kofuna. Can kuwa sai na ji takun ƙafata yana bina. Tagogin yawancin gidajen an rufe su da marfin katako, fentin ya ɓaɓɓare.

Na ce, "Yayansu, hijira aka yi ne?"

Ya ce, "Haka garin yake, Inna. Yau ma ai da jama'a, tunda ga ki."

Surukarsa tana jiranmu a bakin ƙofa. Gajeruwar tsohuwa ce mai farin gashi, hannuwanta da kaushi kamar na mai daka. Kafin in buɗe baki in yi gaisuwar da na shirya tun daga gida, ta rungume ni ta sumbaci kumatuna biyu. Na tsaya ƙiƙam. Sai muka kalli juna, ta fara kuka, ni ma na fara, gaisuwar ke nan. Mami yake ce mata, ni kuma na riƙa ce mata Madam. Wuni guda tana kiran sunansa, daga ɗakin girki, daga bakin garke, daga saman bene, kamar sunan ba shi da nauyi. Duk ta kira sai in sunkuyar da kai.

Na kai mata busasshiyar kuɓewa da karkanji da garin yaji. Ta ɗanɗana yajin a kan yatsa, idonta ya kawo ruwa, ta ce masa ya faɗa mini yanzu ta gane abin da ya sa ɗana ba ya jin sanyi. Ita kuma ta yanko mini wani cuku mai koren tabo a jiki. Na sansana na ce masa a hankali, "Wannan yaushe ya rasu?" Ashe ɗan nan zai fassara mata. Ta yi dariya har da dukan tebur. Daga ranar kullum sai ta turo mini farantin ta ce ga mamacin nan yana gaishe ni.

Da rana, in ya tafi wurin shanu, sai ta saƙala hannunta a nawa ta zaga da ni gari. Faransancina na kasuwa ne, sauran da hannu muke cikewa, abin da ya gagara mu ajiye masa sai ya dawo. Ta kai ni wani tafki na dutse mai rufi a bakin idon ruwa, inda mata suke wanki a da. Ta ce uwarta a nan ta yi wanki har yatsunta suka lanƙwashe, kuma duk auren da aka ƙulla ko aka kashe a garin daga nan ya fara. Na ce mata mu ma muna da irinsa a bakin kogin Shari. Yanzu ganye ne kawai yake yawo a kan ruwan.

Ta nuna mini makarantar da ta yi. An rufe ta tun da yara suka ƙare, ofishin magajin gari ya koma ciki, shi ma ba kullum ake buɗewa ba. Na leƙa ta taga na ga ƙananan kujeru an tara su a lungu. Ga gidan maƙeri, ga inda injin niƙa yake a kan rafi, ga gidan burodi da tandarsa ta huce tun rasuwar mai ita. Yanzu mota ce take zuwa da burodi, ta tsaya gaban coci ta yi oda, tsofaffi su fito ɗai-ɗai da sanduna. Ko ƙararrawar cocin ba mutum ke kaɗa ta ba, na'ura ce. Fadansu ma na karo-karo ne da ƙauyuka da yawa, sai layi ya zo kansu.

A dandali akwai wani dogon dutse da aka sassaƙa sunaye a jikinsa, na samarin garin da suka mutu a yaƙe-yaƙen da. Ni in na ga rubutu ba na iya wucewa. Na ɗora yatsa ina bin baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, ina furtawa a fili yadda malama ta koya mana, don ban iya karatun zuci ba har yau. Na ga sunan gida ɗaya ya dawo, ya sake dawowa. Madam ta ce gidan kakanta ne. Ta ce yaƙi ya ɗebi rabin garin, sauran kuma birni ya zo ya ɗebe ba tare da bindiga ba. 'Ya'yanta maza biyu suna can birni. Sukan zo lokacin zafi su yi 'yan kwanaki, ba mai son jin warin saniya a cikinsu. 'Yar ce kaɗai ta zauna.

A hankali na fahimci matsayin ɗana a garin. Shi ne mafi ƙanƙanta a mazan da suka rage. Shi ke faskare wa wani tsoho itace, shi ke kai wata asibiti a mota, in ƙanƙara ta toshe titi shi ke fitowa da tarakta ya share. In mun wuce, tsofaffi suna ɗaga masa hula. Wani har ya kama hannuna ya daɗe yana girgizawa yana magana. Na tambayi abin da yake cewa, ɗana ya ce, "Ba komai, godiya yake yi." Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma daɗin da tsoro a ƙarƙashinsa. Garin da ya rasa 'ya'yansa ya samu nawa, na ga kuma yadda ya riƙe shi da hannu biyu.

Na yi ta neman bakin maganar. Wata safiya ina ba shi shayi na ce, "Katangar baya ta faɗi da damina."

Ya ce, "Sai in aika a gyara."

"An gyara."

"To alhamdulillahi."

Ya shanye shayinsa ya sa takalman roba ya fita. Ni ba mai matsa wa mutum ba ce. Na ce bari in ƙara masa kwana.

Ana nan sai ranar kasuwa ta zo a garin da ke gaba da su. Na ga wasu furanni a tukwane sun cika bakin hanya, rawaya da ja da fari, cunkus kamar an yi musu kitso. Na ce zan saya wa Madam tukunya ɗaya ta ajiye a kan teburin cin abinci. Ɗana ya riƙe mini hannu ya ce, "Inna, rufa mini asiri. Na matattu ne. In kika ba ta sai ta ce kin gaji da ganinta." Ya ce suna da rana guda a shekara, in sanyi ya fara shiga, da kowa yake zuwa ya wanke kabarin nasa ya ajiye waɗannan furanni. Ranar ta kusa. Ya sayi tukwane da yawa ya jera a bayan mota, muka kama hanyar gida.

Ranar da ta zo, garin ya canja. Motoci suka cika titi daga birane, aka buɗe tagogin nan na katako, na ji kukan jariri a karon farko tun zuwana. Matattu ne suka tara wa garin jama'arsa, na wuni ɗaya.

Madam ta sa baƙar riga ta ce mu je. A bakin ƙofar maƙabarta ƙafata ta tsaya. Ni ban taɓa shiga maƙabarta ba. Kabarin mijina ma ban san inda yake ba. Maza suka ɗauke shi, suka dawo da ƙura a ƙafa suka ce an yi, shi ke nan. Ɗana ya ce in ba na so in jira a mota. Amma tsohuwar ta riga ta saƙala hannunta a nawa, kuma 'yarta na zo yi wa gaisuwa. Na yi bisimilla na shiga.

Ciki kamar wani gari ne, ya ma fi na waje cika. Layi-layi, kowane kabari da dutsensa mai sheƙi, mata sun durƙusa da soso da bokiti suna gogewa, suna hira da maƙwabta. Madam tana tafe tana gabatar mini da mutane kamar a gidan biki: ga malamin makarantarsu, ga mai burodi, ga wadda suka yi faɗa da ita a kan kaza har ta mutu ba su shirya ba. Na ga wasu kaburburan da ciyawa ta rufe, an kafa ɗan allo a gaban kowanne. Na tambaya. Ɗana ya ce a nan wurin kabari na wa'adi ne. In aka ga ba mai kula da shi, hukumar gari ta kafa allo ta jira shekaru. In ba wanda ya fito, sai a kwashe ƙasusuwan a zuba a rami ɗaya da na sauran, a ba wani wurin. Ya faɗa yana kallon ƙasa. Sannan ya ɗauki bokiti ya ce bari ya ɗebo ruwa a famfon da ke can gefe.

Kabarin matarsa yana ƙarshen layi, jikin katanga. Na yi mata addu'a a zuciyata. Sai na ga rubutu a dutsen, na ɗora yatsa. Na karanta sunanta a fili, da shekarar haihuwa da ta rasuwa. A ƙasa akwai wani layin. Na ci gaba da bin baƙaƙen, ɗaya, ɗaya, ina haɗawa. Mai karatu irina bakinsa yana riga hankalinsa isa. Kafin in san abin da nake haɗawa na riga na furta shi, cikakke, da ƙarfi, a gaban mutane.

Daga wurin famfo na ji an ce, "Na'am, Inna?"

Ya juyo da bokiti a hannu, ruwa yana zuba a kan takalminsa, fuskarsa kamar ta yaron da aka kira a ba shi tsaraba. Tun da na haife shi bai taɓa jin sunan nan a bakina ba. Sai ya ga inda yatsana yake, fuskar ta sauka.

Sunansa ne, da na mahaifinsa, da shekarar da na haife shi. Gaban shekarar an ja ɗan layi, sai fili sumul, ba a rubuta komai ba tukuna.

Da farko na ce ko sa hannun wanda ya sayi dutsen ne. Madam ta ga ban gane ba, sai ta ja ni zuwa kabarin mijinta, ta nuna mini nata sunan a ƙarƙashin nasa, shi ma da fili a gaba. Ta daddaɓa dutsen tana murmushi, ta nuna ƙirjinta. Haka suke yi. Mutum yana da ransa yake kama wurinsa kusa da wanda yake so, a sassaƙa sunan a ajiye, ranar da ta zo sai a cike sauran. Ta yi ta bayani, har da cewa magajin gari da kansa ya yarda a ba shi wurin jikin katanga don a iya juya shi ya fuskanci inda muke fuskanta in muna salla. Ta matse hannuna ta ce na haifi mutumin kirki. Wallahi ba da mugunta ta yi ba. A ganinta girma ne garinsu ya yi wa ɗana, take nuna mini.

Na dafa katangar na tsaya. Sanyinta ya ratsa tafin hannuna. Shi kuma ya zo ya durƙusa ya fara wanke dutsen, daga sama har ƙasa, har kan sunan nasa.

Washegari da sassafe na bi shi garke. Yana maƙala wa shanu injin tatsa, tururi yana fita daga hancinsu. Na samu wani buhu na zauna.

Na ce, "Yayansu, wa zai yi maka wanka?"

Bai yi kamar bai gane ba. Ya ce, "Akwai 'yan'uwa Musulmi a birni, da masallacinsu. Na yi magana da liman. Za su zo."

"To. Ashe ka gama shiri."

"Inna, kin ga alluna jiya. Mami ta tsufa. Yayyen matata ko hanyar maƙabartar ba su sani ba. In na tafi, wa zai duba kabarinta? Wata rana a zo a kwashe ta da shebur."

Na ce, "Mu namu muna barin su ga Allah."

Ya ce, "Na sani. Ita ba haka ta san ana barin mutum ba. Ta roƙe ni tana kwance."

Ya koma wurin wata saniya ya daɗe yana gyara abin da bai lalace ba. Can ya ce, yana ɗan murmushi, "Ai gado na yi. Ba ke kike ba mu labarin kakanki ba? Ya taso daga ƙasar Kano za shi Makka a ƙafa, ya yada zango a bakin Shari, ya ga kakarki tana ɗiban ruwa, kalas, tafiya ta ƙare."

Na ce, "Haka aka yi. Uwarsa kuma har idonta ya mutu tana zama a bakin hanya, duk fataken da suka fito daga gabas sai ta tambaye su."

"Wannan ba ki taɓa faɗa mana ba."

"Ba a faɗa wa yara."

Injin yana ta tsotsa, madara tana bin roba tana wucewa. Na ce, "Ni fa? Ranar tawa?"

"Haba Inna. Jirgin farko zan shigo."

"Mu ba ma jiran jirgi, ka sani. In na cika da hantsi, kafin la'asar an dawo. Za ka tarar ana zagayawa da shayi."

Ya jingina goshinsa a jikin saniyar. Kafaɗunsa suna rawa, ba sauti. Saniyar ta juyo ta dube shi ta ci gaba da tuƙa. Na bari sai da ya lafa.

Na ce, "Na zo ne in tafi da kai."

Ya ce, "Na sani tun ranar da kika ce a nemi takardu."

"To na faɗa. Ba zan sake ba."

Ban kuwa sake ba. Sauran kwanakin na koya wa Madam kaɗa miyar kuɓewa, ta yi ta mamakin yauƙin. Ranar tafiyata ta cika mini jaka da gyaɗar bishiyarsu mai taurin ɓawo, ta sumbace ni, ta ce ƙofarta a buɗe take. Na so in ji haushinta ko kaɗan ne, don in samu abin riƙewa a hanya, ban samu ba. Motocin birni sun riga sun watse, an mayar da marafan tagogi. Da muka hau tudu na waiwaya, ban ga kowa a titin ba sai ita.

A jirgi kujerar da ke kusa da ni wani Bature ne ya zauna, ya yi barci tun kafin mu tashi.

Da na huta gajiya na aika a kira mini mijin ƙanwarsa na Milezi. Mutum ne mai hankali, yana sayar da kayan gini. Ya zo bayan la'asar ya zauna a bakin tabarma, ya tambayi hanya, ya tambayi sanyi, ya tambayi yaya. Na ce duk lafiya. Sannan na ce masa ranar da tawa ta zo, shi nake so ya tsaya a kan komai, shi zai shiga ramin ya karɓe ni.

Ya ce, "Subhanallahi, Inna, wace irin magana ce wannan? Ai yaya yana nan."

Na ce, "Yana nan. Kai dai ka ce to."

Ya daɗe yana kallon tabarma. Sannan ya ce, "To, Inna."